Lemar da Ba Ta Cikin Hoton

Bari in fara da abin da ake goranta min da shi, don kar ku ji a bakin wani. Eh, ina kallon katun. Shekaruna ashirin da biyar, ina koyar da kimiyya a wata makarantar kuɗi a Nasarawa Gwom, yara suna miƙewa su gaishe ni in na shiga aji. Amma in na dawo gidanmu a Dilimi na cire takalmi na yi sallah, abin da nake fara lalube shi ne wayata da katun ɗina na Japanawa. Ban taɓa ɓoyewa ba, kuma ba ni da niyyar dainawa.

Sunana Amatullahi. Babana Malam Gwadabe tela ne, shagonsa yana bakin layinmu, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa yake ce min Uwata. Umma kuwa Amatu take ce min, in kuma na ɓata mata rai ta ce "ke 'yar katun".

Wannan katun ɗin ba irin wanda ake kunna wa yara don su yi shiru ba ne. Labarin wani mai bincike ne, dogo siriri, kullum da lema a hannunsa ko da rana ta take, shi ya sa muka sa masa Malam Mai Lema. A yi sata ko kisa, kowa ya nuna wanda ya fi kama da mai laifi, shi kuma ya zo ya tsuguna yana kallon ƙasan takalmi da bakin kofin shayi har gaskiya ta fito. A wurinsa na san Japanawa ma suna cire takalmi a bakin ƙofa kamar mu, suna rusunawa in za su gaida babba, kuma sunan gida suke fara faɗa kafin na yanka. A wurinsa na ga ana rubutu da ruwan lemon tsami, takarda ta bushe fes, sai an kara ta kusa da wuta rubutun ya bayyana. Ranar da na gwada wa 'yan ajina, har hedimasta sai da ya leƙo ya ga abin da ya sa ake ihu.

Kuma ba ni kaɗai ba ce. Muna da guruf na 'yan Jos masu kallonsa, Musulmi da Kirista, har da likita da mai gyaran waya. Duk Asabar da rana muna haɗuwa a bayan wani shagon littattafai kusa da Taminus, mu kalli sabon kashi tare, sannan a yi gasar tambayoyi. Wanda ya ci, a ba shi wata 'yar ƙaramar lema ta yara mai ruwan ɗorawa ya riƙe har sati mai zuwa. Gyang ne shugabanmu, shi da Abigel da zai aura. Ni kuma Firisila ce ta shigar da ni, ƙawata tun sakandare, wadda ta san tukunyar Umma fiye da ni.

To, sai kuma Badruddeen.

Ɗan ƙawar Umma ne, yana da shagon kayan gyaran mota a nan Dilimi. Tun bayan babbar Sallah yake zuwa wurina. Ba shi da muni, ba zan yi masa ƙarya ba, kuma ya iya saka shadda. Amma ranar farko da ya tarar da ni ina kallo a waya, sai ya yi dariya ya ce, "Katun? Kar ki damu, in kin zo gidana za ki girma." Tun daga ranar zuciyata ta ja baya. Baba ya ce shi ba zai yi min dole ba. Umma kuwa safe da yamma wa'azin Badruddeen ne: yaron kirki, ga sana'a, ga shi ɗan unguwa, me kuma kike jira?

Ranar wata Litinin na dawo daga makaranta wajen ƙarfe uku, da doguwar rigata ruwan toka da farin mayafi duk ƙurar alli. Ina shiga na ga takalmin Baba a ƙofar falo. Baba kuwa ba ya barin keken ɗinkinsa a wannan lokacin sai da dalili.

"Amatullahi, shigo."

Ba Uwata ba. Na shiga na durƙusa. Umma tana zaune a hannun kujera ta yi tagumi.

Baba ya miƙo min wayarsa. Hoto ne. Ni ce, da mayafina ruwan hoda na ranar Asabar, kaina da na Gyang sun kusa haɗuwa, muna kallon abu ɗaya a waya, ina dariya har haƙorana a waje. Daga kafaɗa zuwa sama kawai ake gani, sai farin bango a bayanmu. Wallahi in ban san kaina ba, ni ma sai in ce masoya ne.

A ƙasa an rubuta: "Slm Baba. Ni mai kishin gidanka ne. Ka duba inda Amatullah take zuwa duk Asabar, ga kuma wanda take zuwa wurinsa."

"Waye wannan?" in ji Baba.

"Gyang ne, Baba. Shugaban guruf ɗinmu. Amsar tambaya muke dubawa. Akwai mutane a gefenmu ta ko'ina, har da yarinyar da zai aura. Yanke hoton aka yi."

"Ko an yanke ko ba a yanke ba, ke ce ko ba ke ba ce?"

"Ni ce."

"To daga yau babu ke babu wurin nan."

Umma ta sauke hannu daga kuncinta. "Na sha faɗa miki. A garin nan, da abin da idanunmu suka gani, ki riƙa ƙetare unguwanni kina zama da mutanen da ba mu san gidajensu ba? Yanzu ga shi. An ce Badruddeen ma an tura masa. Sai ki roƙi Allah kar ya fasa."

"In ya fasa, Umma, ai da ma ban ce ya fara ba."

"Kin ji ko, Malam? Kin ji bakin 'yarka?"

Na juya wurin Baba. Ban bar hawaye sun zubo ba. "Baba, ban taɓa ƙetare maganarka ba. Amma wanda ya turo wannan bai faɗi sunansa ba, ni kuma ga ni a gabanka da sunana. Ka ba ni zuwa Juma'a. In ban nuna maka wanda ya yi ba, na haƙura da Asabar."

Ya kalle ni. Sannan ya karɓi wayarsa ya ce, "Zuwa Juma'a."

Kafin ya koma shago na roƙe shi ya turo min hoton da saƙon da lambar. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, ban ko cire mayafi ba. Masu karatu, kar ku ɗauka ina da wata dabara a lokacin. Babu. Fushi ne kawai ya sa na yanka wa kaina rana.

Na kira lambar, a kashe. Na shiga guruf na rubuta: "Don Allah wa ya ɗauki hoto ranar Asabar?" Muna da doka, ba a sa hoton kowa a sitatus sai an tambaye shi. Ɗaya bayan ɗaya suka ce ba su ɗauka ba. Gyang ya kira ni hankalinsa a tashe, ya ce in ina so shi da Abigel za su zo su yi wa Baba bayani. Na ce ya bari tukuna. Firisila ce kaɗai ba ta amsa ba. Ta tafi ƙauyen kakarta can gaba da Kuru tun ranar Lahadi, wurin da sai ka hau dutse kake samun sabis.

Na koma kan saƙon ina karanta shi ina maimaitawa. Malam Mai Lema yana da wata ɗabi'a, in ya samu wasiƙar da babu suna, ba abin da aka faɗa yake fara dubawa ba, yadda aka rubuta yake dubawa, don mutum yana iya ɓoye sunansa amma hannunsa ya riga ya saba. Sai idona ya tsaya a kan sunana. Amatullah. Babu "i" a ƙarshe.

Na buɗe saƙonnin Badruddeen. "Amatullah ya makaranta." "Amatullah kin ci abinci." "Amatullah ina waje." Tun farkon zuwansa na gyara masa, bai taɓa gyarawa ba.

Na miƙe zan tafi shagon Baba. Amma na ce wa kaina, ke Amatu, tsaya. Harafi ɗaya ba hujja ba ne. Rabin 'yan makarantar Islamiyya haka suke rubuta sunan. In na je wa Baba da wannan, dariya za a yi min, a ce katun ya gama taɓa min kai.

Washegari bayan la'asar sai ga saƙonsa: "Amatullah ina waje." Umma da kanta ta ɗauko min sabon mayafi, ta fesa min turarenta. Na same shi a zaure a kan benci, ya sha farar shadda da hula zanna, agogo yana ƙyalli, wayoyinsa biyu kamar kullum, babbar a hannu, ƙaramar mai madannai a aljihun gaba.

"Ina wuni, Yaya Badruddeen."

"Lafiya lau. Na ji abin da ya faru. Wallahi raina ya ɓaci."

"An ce kai ma an turo maka."

"An turo." Ya nuna min a babbar wayar. Shi ne dai, irin na Baba sak, kai biyu da farin bango. "Abokaina suna ta cewa in janye. Na ce a'a. Ni na san tarbiyyar gidan nan. Ni zan rufa miki asiri."

Ku ji fa. Asirin me? Na danne zuciyata na sunkuyar da kai kamar mai jin kunya. Wani abu da na koya a wurin Malam Mai Lema shi ne, ba ya taɓa yin gardama da wanda yake zargi. Yi yake kamar bai gane komai ba, ya bar mutum ya yi ta zuba, don wanda ya ga ya yi nasara bakinsa ba ya tsayawa.

"Na gode," na ce a hankali. "Ni ban san abin zai zama haka ba."

Ai kuwa ya gyara zama. "Yauwa. Ai ƙuruciya ce. Ki duba fa, manya da ku, wasu har da gemu, ku taru a ɗaki kuna kallon zane-zane. Har da wata ta buɗe lemar yara a cikin ɗaki tana washe baki, kamar ruwa ake yi. Wannan wace irin rayuwa ce?"

Lemar yara?

Abigel ce ta ci gasar ranar Asabar. Ita ce ta buɗe 'yar lemar, tana zaune a hagun Gyang. A hagun da aka yanke.

"Ka taɓa zuwa wurin ne?" na tambaya, ina wasa da bakin mayafina.

"Ni? Allah ya kiyaye. Me zai kai ni?"

"Ko ka san wani a cikinsu?"

"Ko mutum ɗaya."

Na gyaɗa kai. Na ce, "Yaya Badruddeen, na yi tunani. Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Zan ba da amsata a gaban Baba."

Murmushin da ya yi, har kunne. Ya ce da ma ya san ni mai hankali ce.

Da na faɗa wa Umma, sai da ta rungume ni. Tun ranar Alhamis ta aika aka sayo kaza da dankalin Turawa da kabeji. Ni kuwa na ci gaba da zuwa makaranta kamar babu komai, ina koyar da yara yadda ruwa ke zama tururi alhali kaina ne ke tururi. Na yi ta tunanin in faɗa wa Baba a keɓe. Amma na san Baba. Zai ce a bar maganar, a rufa wa ɗan mutane asiri, sannan unguwa ta ci gaba da ɗaukar cewa Badruddeen ne ya taimake ni ni kuma na butulce. A bainar mutanen gidanmu aka ɓata ni, a nan nake so a wanke ni.

Ranar Juma'a na saka atamfata kore mai zanen ganye, ɗinkin Baba, na ɗaura ɗankwali na yafa baƙin mayafi. Ban yi kwalliya ba, kwalli kawai na zizara. Umma ta leƙo ta ce ko hoda ba zan shafa ba? Na ce haka ya isa.

A falo Baba yana kan kujerarsa da babbar riga ta masallaci, carbi a hannu. Badruddeen yana zaune a kan kafet cikin shadda ruwan sama, ƙamshin turarensa ya cika ɗakin. Umma ta jere kuloli a tsakiya ta koma bakin ƙofa ta zauna. Na shigo na gaida kowa na durƙusa kusa da ƙafar Baba.

"To, Amatullahi," in ji Baba. "Kin ce kina da magana. Kuma yau ce Juma'ar da kika ce."

"Eh, Baba. Amma ina so in yi wa Yaya Badruddeen tambaya ɗaya, in ka ba ni izini."

"Yi."

"Yaya Badruddeen, ranar Talata ka ce min wata ta buɗe lemar yara a wurin taronmu. Wace kala ce lemar?"

Ya yi dariya yana kallon Baba, irin ta ka ji yarinta. "Ruwan ɗorawa mana. Me ya kawo wannan kuma?"

"A ina ka gan ta?"

"A hoton."

"Baba, don Allah buɗe hoton da aka turo maka. Ka nuna min lema."

Baba ya saka tabarau ya ɗauko waya. Ya duba, ya ja hoton da yatsu ya ƙara girmansa, ya sake dubawa. "Babu lema a nan."

"A naka fa, Yaya Badruddeen? Wanda ka nuna min a zaure?"

Dariyar ta tsaya a fuskarsa ba ta sauka ba. "Wataƙila wani ne ya ba ni labari."

"Ka ce min ba ka san ko mutum ɗaya a cikinsu ba. Kuma ba ka taɓa zuwa ba. Yanzu kuma ka ce a hoto ka gani." Na juya wurin Baba. "Lemar tana hannun Abigel, yarinyar da Gyang zai aura, tana zaune a gefensa. Ita aka yanke. Duk wanda ya ga lemar nan, ya ga hoton kafin a yanke shi."

"Amatu," Umma ta ce daga bakin ƙofa, "ya isa haka."

"Bar ta," in ji Baba, bai ko juya ba.

Badruddeen ya share goshi. "Baba, ka ga irin abin da nake faɗa ko? Katun ɗin nan ne. Ta mayar da ni ɓarawo a gidanku."

"Ban ce kai ɓarawo ba ne," na ce. "Abu ne mai sauƙi. Baba, kira lambar da ta turo maka saƙon. Yanzu, muna zaune."

Masu karatu, ni na san lambar a kashe take. Da safen nan ma na gwada. Na tabbata shi ma ya san ya kashe ta. Amma a katun ɗinmu na sha ganin yadda jikin mutum yake riga tunaninsa, kuma a kan wannan kaɗai na dogara. Ina durƙushe ina addu'a a zuciyata.

Baba ya danna ya sa a kunne. Kafin a ji komai, hannun Badruddeen ya tashi ya dafe aljihun gaba, inda ƙaramar wayar take. Ya danne ta kamar mai toshe bakin yaro.

Babu abin da ya yi ƙara. Muryar matar kamfani ce kawai ta fito daga wayar Baba tana cewa lambar a kashe take. Amma Baba ba wayarsa yake kallo ba. Hannun yake kallo.

A hankali Badruddeen ya sauke hannun ya ɗora a gwiwa.

"Badruddeen," in ji Baba, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kai ne?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Baba, ni gyara na yi niyya. Yarinya tana neman lalacewa, kowa yana gani. Na ga in ba a tsorata ta ba..."

"Ka zauna a falona ka ce 'yata tana neman lalacewa?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Na ɗinka maka kayan suna, na ɗinka maka na kaciya. Ka rasa wanda za ka yi wa wannan sai ni?" Baba ya ajiye carbin a hannun kujera. "Tashi ka tafi. Ka gaida mahaifiyarka."

Ya miƙe, gwiwarsa ta bugi kular miya har murfin ya goce. A bakin ƙofa ya tsaya yana neman takalmi, ya juyo ya kalle ni.

"Kina ganin kin gano komai ko? To ki ci gaba da bincike."

"Zan ci gaba," na ce. "Kuma amsata da ka zo ji, a'a ce."

Ya fita. Muka ji ƙarar motarsa har ta bar layin.

Umma ta miƙe ta fara tattara kulolin da ko buɗe su ba a yi ba. "Kin kyauta. Kin tozarta baƙo a gidan ubanki. Da wane ido zan kalli uwarsa?"

"Umma, shi ya fara tozarta ni. Ni da wane ido nake kallon mutanen layin nan tun Litinin?"

Ta kwashi kayan ta yi kicin.

Baba ya cire tabarau yana murza idanu. Na ga kamar ya tsufa a zaman nan. Sannan ya ce, "Uwata."

Nan ne hawayen da na riƙe tun Litinin suka zubo.

"Na yi saurin yanke hukunci. Ki yi haƙuri." Ya mayar da tabarau. "Wannan mai lemar, shi ya koya miki duk wannan?"

Na yi dariya cikin kuka. "Shi ne, Baba."

"Gobe da ƙarfe nawa kuke taron?"

"Ƙarfe biyu."

"Zan rufe shago in raka ki. Ina so in ga wurin da idona, in gaisa da yaron nan da matar tasa. Ba wai ban yarda da ke ba ne."

"Na sani, Baba."

Ya tashi ya koma shago. Ni kuma na shiga ɗaki na faɗa kan gado da atamfata, jikina kamar an sauke min buhu. Na ɗauko waya zan rubuta wa 'yan guruf cewa gobe su tanadi kujera ɗaya ta babban baƙo. Ban gama rubutawa ba kira ya shigo. Firisila.

"Amatu, yanzu na shigo gari na ga saƙonni. Wetin happen? Wane hoto kike nema?"

Na ba ta labari a gurguje, har da lemar da aljihun. Na ɗauka za ta yi ihun murna. Sai na ji ta yi shiru.

"Firisila, kina ji na?"

"Ina ji." Muryarta ta canza. "Amatu, ni ce na ɗauki hoton nan. Lokacin da Abigel ta buɗe lema. Dukanku kuna ciki."

Na tashi zaune. "Ke? To ya aka yi ya je hannun Badruddeen?"

"Ni ban san shi ba ma, I swear. Ban sa a sitatus ba, ban sa a guruf ba. Mutum ɗaya kawai na tura wa."

"Wa?"

"Ta kira ni ranar Asabar da yamma. Ta ce tana so ta ga wurin da muke zuwa, hankalinta ya kwanta. Ni na ɗauka abu mai kyau ne, shi ya sa na zaɓi wanda kike dariya."

"Firisila, wa?"

"Umma."

Ban san lokacin da na kashe wayar ba. Na zauna ina kallon labulen ƙofa yana motsi. Daga kicin ina jin ƙarar kwanuka da ruwan famfo. Matar da ta fesa min turarenta ranar Talata. Matar da ta rungume ni.

Na gyara ɗankwalina na fito. Na ratsa tsakar gida, na tsaya a ƙofar kicin. Umma ta ba ni baya, tana juye dankalin a wata roba.

"Umma, Firisila ta dawo. Tana gaishe ki."

Cokalin ya tsaya a hannunta. Ba ta juyo ba.

"Ta ce in tambaye ki ko hoton ya yi kyau."

Ta ajiye cokalin a hankali, ta goge hannu da gefen zaninta. Da ta juyo idanunta sun yi ja, amma ba ta kawar da su daga nawa ba.

"Shigo ki rufe ƙofar," ta ce. "Ki zauna. Babanki bai san komai ba."

Na shiga. Amma ƙofar a buɗe na bar ta, kuma ban zauna ba.